Wa Ke Riƙe Da Linzamin Manhajar Ofis?

Duk wanda ya yi aikin ofis a zamanin tafireta ya san abu guda tabbas: yadda ya lulluɓe ta ran Jumma'a da la'asar, haka zai same ta ran Littinin da safe. In ta yi ƙura ya kaɗe, in ƙyallen tawada ya bushe ya sake wani. Babu wanda zai shigo da tsakad dare ya sauya wa haruffa mazauni. In kuwa ta ɓaci, sai an rubuta takarda, babban akawu ya sa hannu, sa'an nan makaniki ya zo da 'yar jakarsa ya kwance ta a gaban idon kowa, ya ɗaura, a gwada, a sallame shi.

Yau tafireta ta koma sito, kwamfuta ta gaje teburinta. Manhajojin da ake aiki da su, watau Word na rubuta wasiƙu, da Excel na lissafi, da Outlook na aika saƙo, da sauran 'yan'uwansu waɗanda kamfanin Microsoft na Amurka ya ɗaure a ƙunshi ɗaya mai suna Office, ba su kwana yadda aka bar su. Makanikin yanzu ba ya jiran takarda, ba ya kuma yin sallama. Ta intanet yake shigowa, ya kwance, ya ɗaura, ya fice, mai ofis bai sani ba. Ma'aikata da dama sun gaji da wannan hali, suna cigiyar hanyar da za su hana manhaja sabunta kanta, ta tsaya sai an ce mata ta yi. Hanyar akwai ta, ba ta kuwa da wuya. Wuyar tana ga abin da ke biyo bayanta, kuma a nan ne ofisoshi da yawa ke yin tuntuɓe.

Ba haka abin ya faro ba. Sa'ad da Office ya fito domin Windows a cikin 1990, a kan faifai ake sayensa, kamar yadda ake sayen littafi: an biya, an kai gida, shi ke nan sai wani bugu. Ɓarna ce ta sauya al'amari. A watan Maris na 1999 wata muguwar manhaja da aka laƙaba wa suna Melissa ta ɓuya a cikin takardar Word. Duk wanda ya buɗe, sai ta aika kanta ga mutum 50 na farko da ke cikin littafin adireshinsa, har wasu manyan kamfanoni suka rufe hanyoyin wasiƙunsu ala tilas. Daga irin wannan ne aka gane manhaja ginin ƙasa ce, ba ta rabuwa da yaɓe, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Oktoba na 2003 kamfanin ya yanka rana, Talata ta biyu ta kowane wata, domin fitar da faci. Shekara goma bayan haka, a 2013, ya kawo wa masu saye tsarin haya, inda ake biya wata-wata ko shekara-shekara, haɗe da wata hanyar girkawa wadda a cikinta manhaja ke leƙa gidan iyayen gidanta da kanta ta ɗauko duk abin da aka tanada. Office 365 ake ce da hayar da fari, a 2020 aka mai da sunan Microsoft 365.

To, masu kuka da wannan tsari ba rigima suke yi ba, suna da hujja. Waɗanda suka tsara shi sun tsara ne da tunanin ofishin da wutarsa ba ta ɗaukewa, intanet ɗinsa kuma ba a auna shi da mudu. Ofishin ƙasar nan kuwa, musamman ƙaramin wurin buga takardu na bakin kotu ko na ƙofar jami'a, da data ta kati yake tafiya, sau da yawa ma daga wayar mai wurin ake janyo ta. Sabuntawa guda tana iya lashe ɗaruruwan megabait. In kwamfuta biyar ce a wurin, kowacce za ta je ta ɗauko nata daban, a biya kuɗin abu ɗaya sau biyar. Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kan farashin kira da data a watan Janairu na 2025, wannan lissafi ya ƙara nauyi. Ga kuma wuta. Mutanen Arewa ba su manta da Oktoban 2024 ba, sa'ad da jihohi da dama suka haura mako guda a cikin duhu. Wanda ya tayar da janareta da man sa'a biyu domin ya gama aikin mutane, ba zai ji daɗin manhajar da ta zaɓi wannan lokaci ta ce a rufe kome ba.

A ɗauka ƙarshen wata ne, babban akawu ya leƙo ɗakin albashi ya ce, "Malam, ina takardar nan? Ita ake jira a sama." Akawu ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, jiya lafiya na bar ta, yau ta ƙi buɗewa." Mai ji zai ce uzurin malalaci ne, alhali abu ne da ya sha faruwa a zahiri. Ran 12 ga Nuwamba, 2019, wani faci ya fito wanda ya sa Access, manhajar ajiye bayanai ta cikin Office, ta riƙa cewa umarnin da aka daɗe ana aiki da shi ya lalace, alhali lafiyarsa lau. Wasu sai da suka yi makonni kafin gyara ya iso gare su. Ran 15 ga Yuli, 2020, Outlook ya riƙa mutuwa da zarar an buɗe shi a ƙasashe da yawa. Ran 11 ga Mayu, 2021, wasiƙu suka riƙa fitowa fayau babu rubutu a ciki. Windows ita kanta, wadda Office ke zaune a kanta, ta taɓa yin wadda ta fi: sabuntawar Oktoban 2018 ta share wa wasu mutane takardunsu, har kamfanin ya janye ta bayan 'yan kwanaki. Babbar cikinsu ba ta Microsoft ba ce. Ran 19 ga Yuli, 2024, kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura wa abokan cinikinsa wani ɗan gyara kai tsaye, kwamfuta wajen miliyan 8.5 suka durƙushe a rana ɗaya, jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci suka koma alƙalami da takarda. Garin gyaran gira aka tsone ido. Bayan abin ya lafa, ɗaya daga cikin alkawuran da kamfanin ya yi shi ne zai bar wa abokan ciniki zaɓin lokacin da gyara zai shigo musu, watau dai abin da akawun nan ke roƙo tun farko.

Har ila yau ba faci kaɗai ke shigowa ba, da ado ake haɗo shi. Tun 2007 zanen haruffan da Word ke buɗewa da shi Calibri ne. Daga 2023 zuwa 2024 aka wayi gari an maye gurbinsa da wani mai suna Aptos, ba wanda ya shawarci sakatariyar da ta saba da inda wasiƙarta ke ƙarewa a shafi. A watan Janairu na 2025 aka cusa mataimakin nan mai ƙirƙirarriyar basira, Copilot, a cikin hayar gida, aka kuma ɗaga kuɗinta. A nan akwai laifin da ya kamata a faɗa wa kamfanin ba tare da kwana-kwana ba: a tsarin hayar nan ba a raba faci da ado, ƙunshi ɗaya ne, ko a karɓa duka ko a bari duka. Wanda ya ƙi sabon fenti, ba shi da hanyar cewa a toshe masa tsagar bango kawai.

Yadda ake kama linzamin kuwa ga shi. A buɗe Word ko Excel, a danna inda aka rubuta File, sa'an nan Account. A gefen dama za a ga akwati mai suna Update Options, a cikinsa akwai Disable Updates. Da an danna wannan, duk manhajojin Office na kwamfutar sun daina sabunta kansu, ba sai an bi su ɗaya-ɗaya ba. Ranar da aka ga damar yi da hannu, sai a koma akwatin a danna Update Now. In ba a gan shi ba, a fara danna Enable Updates, a sabunta, in an gama a sake kashewa. A wannan shafin ne kuma lambar bugun da ke kan kwamfutar take, kuma lambar tana da ma'ana: 2408, alal misali, na nufin bugun watan 8 na 2024. Lalle a rubuta ta a takarda, da doguwar lambar da ke biye da ita, kafin a taɓa kome, domin in sabon bugu ya zo da tsiya, da wannan lamba ne ma'aikacin kwamfuta zai iya mai da manhaja inda ta fito.

Sai dai ba kowane Office ne ke da wannan akwati ba. Tsofaffin bugu irin na da, ta hanyar sabuntawar Windows facinsu ke zuwa, can ake tsare su. Masu kwamfutar Apple suna da wata 'yar manhaja daban, Microsoft AutoUpdate, inda ake cire alamar yarda. Wanda kuwa ke aiki da Word ta shafin intanet, ba shi da ta cewa ko kaɗan, gama manhajar ba a ɗakinsa take ba.

Babbar ma'aikata mai kwamfuta hamsin ko ɗari ba ta bukatar bi tebur-tebur. Kamfanin ya ba da wani kayan aiki kyauta, Office Deployment Tool, wanda da shi ake sauko da sabuntawa sau ɗaya tak a ajiye a kwamfuta guda, sauran su riƙa ɗiba daga gare ta ta wayar cikin gida, ba tare da taɓa data ba. A cikin 2020 kuma ya shimfiɗa wa ma'aikatu hanyoyi uku: ta gaggawa wadda ke kawo sabon abu sau da yawa a wata, da ta wata-wata wadda ke zuwa ran Talata ta biyu kaɗai, da wata mai jinkirin da ya fi haka. Yawancin kwamfutocin da ke damun masu su a kan ta gaggawa suke, domin ita ce ake girkawa in ba a ce kome ba. Ofisoshi da yawa da ke neman kashewa ɗungum, da za a mai da su kan ta wata-wata da rabin kukansu ya ƙare.

Wannan ke nan game da dannawa, aikin minti ɗaya. Amma kalmar "da hannu" tana nufin akwai hannun, kuma akwai mai shi. Abin da ake gani a ofisoshi shi ne, a kashe ranar da rai ya ɓaci, a ce sai an sami sarari, sararin kuwa ba ya zuwa. Wata ya wuce, shekara ta wuce. Manhaja tana aiki lafiya, ba ta tari ba ta atishawa, kowa ya ɗauka an huta. Wannan ba sabuntawa da hannu ba ce, barin gida ne babu yaɓe ana murna ba a ɓata tufafi da laka ba.

Akwai wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba. Ranar da faci ya fito, ita ce ranar da haɗari ke ƙaruwa ga wanda bai liƙa ba. Dalili kuwa, 'yan kutse su ma suna sauko da facin, su kwatanta sabon bugu da tsohon, su ga daidai inda aka toshe. Tsagar da jiya mutum biyu ko uku suka sani, gobe ta zama sananniya ga duk mai son ɓarna. Watau kamfani ya yi shela cewa ga inda katangar kowa ta rushe, masu gida da ɓarayi duk sun ji.

Misalin da ya fi dacewa da ofis shi ne na wata 'yar manhajar rubuta alamomin lissafi da ke maƙale a cikin Word, mai suna Equation Editor. An harhaɗa ta a watan Nuwamba na 2000, ta zauna shekara 17 da ɓaraka a jikinta, sai Nuwamban 2017 aka toshe, a Janairun 2018 kuma aka cire ta gaba ɗaya. Mai karatu zai zaci magana ta ƙare. Ina! A watan Mayu na 2020 hukumomin tsaron Amurka suka fitar da jerin ɓaraka 10 da 'yan kutse suka fi shiga ta cikinsu daga 2016 zuwa 2019, sai ga ta a ciki, tare da wata ta Office ɗin dai wadda aka toshe tun 2012. Ba wata gwaninta ɓarayin suka yi ba. Kwamfutocin da ba a liƙa wa faci ba ne suka yi yawa. Takarda ce za ta zo ta wasiƙa da sunan rasit ko takardar oda, akawu ya buɗe, daga nan duk kalmar sirrin da ya buga tana tafiya hannun wani. Masu damfarar kamfanoni ta wasiƙa, waɗanda ƙasar nan ta san irinsu sarai, sun ci kasuwa da wannan ƙofa. A Maris na 2023 ma aka toshe wata a Outlook wadda ba ta bukatar a buɗe kome, isowar saƙon kaɗai ta isa.

Labarin asibitocin Ingila kuwa ya isa ishara, ko da yake ɓarakar Windows ce. An fitar da facin ran 14 ga Maris, 2017. Ran 12 ga Mayu, kusan wata biyu bayan haka, manhajar garkuwa da bayanai mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe wajen 150. Sulusin hukumomin asibitocin gwamnati na Ingila suka taɓu, aka soke ganin likita da tiyata kimanin 19,000. Maganin yana nan a ajiye tun watanni biyu, an kuma gargaɗe su; wanda zai liƙa ne bai liƙa ba. Ma'aikatar da ke riƙe da sunayen mutane da lambobin asusunsu a nan gida ta tuna kuma cewa dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora mata nauyin tsare su, har ta wajabta kai rahoto cikin sa'a 72 in an yi ɓarnar da za ta cuci masu bayanan. "Mun kashe ne don tsimin data" ba amsa ba ce da za ta tsaya a gaban hukuma.

Akwai kuma dalilin da ba a faɗi a bainar jama'a. Kwamfutoci da yawa da Office na bayan fage suke aiki. Yaron da ya girka a kasuwa yakan ja kunnen mai saye, "Alhaji, kada dai a bari ta sabunta, za ta kulle." Irin wannan kwamfuta kashi biyu take sha: ba ta samun faci, ga shi kuma ba wanda ya san abin da aka haɗo da mabuɗin jabun da aka buɗe ta da shi. Wanda kuɗin haya ya fi ƙarfinsa, akwai LibreOffice, wadda ake bayarwa kyauta tun 2010, tana kuma buɗe takardun Word da Excel, ko da yake takarda mai ado da yawa takan ɗan goce. Ba kayan marasa hali ba ce: a 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawarar mai da kwamfutocin ma'aikatanta kimanin 30,000 kanta.

Wasu kuwa ko sun danna ba abin da zai zo. Ran 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin ya daina yi wa Office 2016 da Office 2019 faci, rana ɗaya da Windows 10 ta gama-gari. Wa'adin da aka yanka wa Office 2021 shi ne 13 ga Oktoba, 2026, na Office 2024 kuma Oktoban 2029. Manhajar za ta ci gaba da buɗewa tana buga wasiƙa kamar da, illa dai duk tsagar da aka gano daga ranar, a buɗe za ta zauna.

Ofishin da ya zaɓi riƙe linzaminsa da gaske, kalanda ta taimake shi. Talata ta biyu kullum tana faɗowa tsakanin 8 da 14 ga wata, watau nesa da hayaniyar albashi. Facin kuma yakan fito da ƙarfe 10 na safe agogon yammacin Amurka, daidai ƙarfe 6 ko 7 na yamma agogon Nijeriya, bayan an tashi daga aiki. Saboda haka Laraba da safe a ware kwamfuta guda, wadda ba ita ke riƙe da lissafi ba, ta zama zakaran gwajin dafi: a sabunta ta, a buɗe irin takardun da ake aiki da su kullum, a buga a firinta a gani, a kuma saurara ko duniya na kuka da facin. In kwana biyu ko uku sun wuce lafiya, a kwafi muhimman takardu a ajiye a wani wuri, a bi sauran a lokacin da ake da wuta, ko da dare sa'ad da kamfanonin waya ke rangwamen data. Jinkirin kwana uku tsantseni ne, na wata uku ganganci. In kuwa kamfanin ya fito da faci ba a ranarsa ba, alama ce ana cikin shiga ta tsagar, wannan ba ya jiran Laraba.

Duk wannan ba zai tsaya ba sai da suna da littafi. Motar ofis tana da littafin da ake rubuta ranar da aka yi mata juyen mai, janareta ma haka, odita kuwa yakan nemi ya gani. Kwamfutar da ke riƙe da albashin mutum ɗari biyar ba ta da ko 'yar takarda. Littafi mai layi huɗu ya isa: lambar kwamfuta, da bugun da aka tarar, da bugun da aka sa, da ranar da sa hannun wanda ya yi. Sunan ma'aikaci guda ya kasance a bangon littafin, da na wanda zai tsaya masa in ya tafi hutu.

Inda abin ya fi lalacewa shi ne wajen canjin aiki. Sau da yawa wanda ya kashe sabuntawar ɗan bautar ƙasa ne da aka turo ofishin, mai hannu a kwamfuta, ya yi haka da kyakkyawar niyya a ranar da data ta yi ƙaranci. Shekararsa ta cika, aka yi masa walima, ya koma garinsu. A takardar miƙa aiki ya lissafa mabuɗan kabad, da fayiloli, da yawan kujeru, da firintar da ba ta aiki. Wanda ya gaje shi ya ƙirga kujeru ya same su cif, ya sa hannu. Kwamfutocin kuwa suna nan a kan bugun shekarar da ya zo, babu kuma wanda ya san an taɓa danna wani abu a shafin Account.